Me ya hana gwamnati ta buga kuɗi ta raba wa talaka?

An daɗe ana jin wannan tambaya a majalisar mai shayi: tunda injin buga naira na hannun gwamnati, ta buga mana, kowa ya huta. Matsalar ita ce takardar kuɗi ba ta ƙara ko buhun masara ɗaya a kasuwar Dawanau. Idan kuɗi suka ninka a aljihun jama'a, hatsin kuma bai ƙaru ba, masu saye ne za su yi rububi, ɗan kasuwa ya ɗaga farashi. Mai albashi da mai ɗan ajiya su ke fara ji a jikinsu.

Zimbabuwe ta gwada, farashi ya yi ta hawa. A 2009 sai da ta fitar da takarda guda ta dalar ƙasar tiriliyan 100, daga baya ta jingine kuɗinta, aka koma ciniki da dalar Amurka.

Mu ma ba mu tsira ba. Bashin da Babban Bankin Najeriya ya riƙa bai wa gwamnatin tarayya, wanda kusan buga kuɗi ne da wani suna, ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin 2023. Ba shi kaɗai ya jawo tsadar ba, akwai cire tallafin fetur da faɗuwar naira, amma a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.