Dokar PSR: abin da ya sa ƙungiyarka ke sayar da ɗan gida ta riƙe baƙo

Da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasa a Ingila, sai tsohuwar gardama ta dawo gidajen kallo da majalisun unguwa. Wannan ya ce Chelsea ta kashe sama da fam biliyan ɗaya tun 2022, don haka ragin maki yana nan tafe ko ba jima ko ba daɗe. Wancan ya ce shugabannin Manchester United ba su san ƙwallo ba, tunda suka saki Scott McTominay ya je Napoli ya ci kofin Italiya. Wani ya rantse cewa an ƙirƙiro dokar ne kawai don a taka wa Larabawa burki. Yanzu kuma an ƙaro wata sabuwa, wai an soke dokar gaba ɗaya, kowa ya ci karensa babu babbaka. Na ga abokai biyu sun kusa ba hammata iska a kan wannan magana, alhali kowannensu ya riƙe guntun gaskiya ne ya saki sauran. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Dokar da ake kira PSR, wato dokar riba da ɗorewar ƙungiyoyi, ta shafi ƙungiyoyi 20 na Firimiya, masu buga gasar Turai kuma suna da ƙarin ta UEFA, hukumar ƙwallon Turai, a kansu.

Kuskure na farko shi ne zaton cewa dokar ta ƙayyade yawan kuɗin da za a kashe wajen cefanen 'yan wasa. Babu wannan a cikinta. Abin da ta ƙayyade shi ne asara. Ƙungiya ba za ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekaru uku a jere ba, kuma daga ciki miliyan 90 sai mai ƙungiyar ya tsaya musu da kuɗin aljihunsa. Kafin a yi lissafin ma ana cire abin da aka kashe a kan gina filin wasa da filin atisaye, da makarantar horar da matasa, da ƙwallon mata, da ayyukan taimakon al'umma. Saboda haka ƙungiyar da ke samun miliyan 600 a shekara tana iya kashe abin da zai durƙusar da mai samun miliyan 200, kuma littafinta ya fito fes.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne yadda ake rubuta kuɗin sayen ɗan wasa. A ce mutum ya sayi injin markaɗe da zai yi masa aiki shekara biyar. Mai lissafi ba zai ɗora kuɗin injin duka a kan shekarar farko ba, zai raba shi gida biyar, kowace shekara ta ɗauki kasonta. Haka ake yi da ɗan ƙwallo. Idan an saye shi miliyan 50 a kwantiragin shekara biyar, miliyan 10 ake rubutawa duk shekara. Kada a haɗa wannan da biyan kuɗi kaɗan-kaɗan tsakanin ƙungiyoyi biyu. Ko an biya kuɗin lakadan a rana ɗaya, a littafi rabawa ake yi.

Nan Chelsea ta ga ƙofa bayan Todd Boehly da abokan kasuwancinsa sun saye ta a watan Mayun 2022. A Janairun 2023 ta ɗauko Enzo Fernández a kan kusan fam miliyan 107, ta ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi. Maimakon kusan miliyan 21 a shekara, sai littafi ya nuna miliyan 12 da rabi. Mykhailo Mudryk ma shekara takwas da rabi aka ba shi, Moisés Caicedo kuma takwas. A lokacin babu dokar Firimiya da ta hana. UEFA ta toshe ƙofar daga Yulin 2023, ta ce ko kwantiragi ya kai shekara goma, a shekara biyar za a raba kuɗin. Firimiya ta bi sahu a Disambar 2023, amma hukuncin bai koma baya ya shafi waɗanda aka riga aka saya ba. Dabarar ma tana da nata haɗarin, domin idan ɗan wasa bai yi abin kirki ba, ƙungiya ta ɗaura wa kanta albashinsa na shekara takwas.

Sayarwa kuma akasin haka ce, kuma a nan ne zuciyar maganar take. Ribar sayar da ɗan wasa ana rubuta ta duka nan take, a shekarar da aka yi cinikin. Ribar kuwa ita ce bambanci tsakanin kuɗin da aka karɓa da abin da ya rage na darajarsa a littafi. Mu koma kan wancan na miliyan 50. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi ta koma 30. Idan aka sayar da shi 35, mai goyon baya zai ce an yi asarar 15, mai lissafi kuwa ribar 5 zai rubuta. To yaron da aka raino a makarantar ƙungiya tun yana ɗan shekara takwas fa? Ba a saye shi ba, darajarsa a littafi sifili ce. A sayar da shi 35, ribar 35 ce cur, babu uwar kuɗin da za a cire.

Da wannan za a gane abubuwa da yawa da muka yi ta zagin masu horarwa a kai. Miliyan 55 ɗin da Manchester United ta biya a kan Mason Mount, ɗan makarantar Chelsea, a 2023 ya rufe wa Chelsea kason Enzo na fiye da shekara huɗu. Conor Gallagher, shi ma ɗan gidan Chelsea, wanda ya ɗaura ƙyallen kyaftin ɗinta a yawancin kakar 2023/24, an tura shi Atlético Madrid a Agustan 2024. McTominay ma a watan ya tafi, kuma Erik ten Hag, mai horar da United a lokacin, da bakinsa ya nuna bai so rabuwa da shi ba, ya danganta abin da dokokin kuɗi. A ƙarshen Yunin 2024, dab da rufe littafin shekara, Newcastle ta sayar da Elliot Anderson, ɗan yankin da ya taso a hannunta, ga Nottingham Forest, ta kuma saki matashin Gambiya Yankuba Minteh ga Brighton tun bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. A makon ne Aston Villa ta sayi Ian Maatsen daga Chelsea, Chelsea kuma ta sayi Omari Kellyman daga Villa a kan miliyan 19. Kowacce ta rubuta riba nan take, ta raba kuɗin saye gida biyar.

Ni dai wannan ɓangaren yana ci mini rai. Dokar da ta yafe wa ƙungiya kuɗin rainon yara don ta ƙarfafa mata gwiwa, ita ce kuma ta mayar da yaran hajar da ake fara fitarwa idan lissafi ya ƙi daidaita. Mai goyon baya ya fi son ɗan gida, littafi kuma ya fi son a sayar da shi.

Sai maganar hukunci, inda jita-jita ta fi yawa. Mutane suna magana kamar akwai jadawali a rubuce, wanda ya wuce da kaza a cire masa kaza. A ƙarƙashin PSR babu irin wannan jadawalin. Hukumar Firimiya ce ke shigar da ƙara, amma kwamiti mai zaman kansa ne ke yanke hukunci, kuma yana da ikon cin tara, ko rage maki, ko abin da ya fi haka. Shi ya sa sakamakon ya yi ta bambanta.

Everton ce ta fara ɗanɗanawa. An same ta da asarar miliyan 124.5 zuwa kakar 2021/22, wato ta zarce da miliyan 19.5, sai aka cire mata maki 10 a Nuwambar 2023. Ta ɗaukaka ƙara, a Fabrairun 2024 aka mayar da su 6. A Afrilu kuma aka ƙara cire mata 2 saboda lissafin kakar da ta biyo baya. Nottingham Forest ta zarce da miliyan 34.5, kusan ninki biyu na Everton, amma maki 4 aka cire mata a Maris na 2024. Kwamitin ya fara tsayawa a kan 6, ya sassauta 2 saboda ta amsa laifinta da wuri ta kuma ba da haɗin kai. Magoya bayan Everton da suka ce ba a yi musu adalci ba suna da hujja, ko da yake kwamitoci daban-daban ne suka zauna a kan shari'o'in. Duk da haka babu wadda ta faɗi daga gasar a cikinsu. Everton ta ƙare a ta 15, Forest a ta 17.

Labarin Forest ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya fi fito da inda dokar take matse ƙanana. Iyakarta ba 105 ba ce, miliyan 61 ce, saboda shekaru biyu daga cikin ukun ta yi su a gasar Championship, rukuni na biyu da ke ƙasa da Firimiya, inda ake ƙidaya miliyan 13 kacal a shekara maimakon 35. Ƙungiya ce da ta dawo Firimiya a 2022 bayan shekara 23, ta sayi 'yan wasa sama da 20 a bazara ɗaya don ta tsira, ciki har da Taiwo Awoniyi daga Union Berlin. Ta san dole ta sayar da Brennan Johnson, ɗan makarantarta, don ta cike giɓi. Tayin da ta samu kafin 30 ga Yunin 2023 bai kai darajarsa ba, sai ta jira har ranar 1 ga Satumba ta karɓi miliyan 47.5 daga Tottenham. Ta yi ciniki mai kyau, amma kuɗin ya faɗa cikin littafin shekara ta gaba, kwamitin kuma bai karɓi wannan a matsayin uzuri ba. A kasuwa, wanda ya yi haƙuri ya sayar da kayansa da daraja yabonsa ake yi. A nan wata biyu na haƙuri maki ya jawo.

To ina Manchester City, mai tuhuma 115? Wannan tambayar ba ta ƙarewa, kuma tana da amsa. Everton da Forest sun miƙa lissafinsu, lissafin ya nuna sun wuce iyaka, suka amsa. Abin da ya rage kawai shi ne auna hukunci. Tuhumar da aka yi wa City a Fabrairun 2023 ta wani jinsi ce daban. Ana zarginta da ba da bayanan kuɗi da ba daidai ba tsakanin 2009 da 2018, musamman kan kuɗin masu ɗaukar nauyi da biyan 'yan wasa da mai horarwa, sannan 35 daga cikin tuhume-tuhumen na ƙin ba masu bincike haɗin kai ne. Ƙungiyar ta musanta su duka. Sauraron ƙarar kaɗai ya ɗauki daga Satumba zuwa Disambar 2024. Mutum yana iya jin haushin jinkirin, nima ina ji, amma shari'ar wanda ya amsa da ta wanda ya musanta ba za su yi tafiya ɗaya ba.

Batun cewa don Larabawa aka yi dokar kuma tarihi bai goyi bayansa kai tsaye ba. An amince da ita a 2013, shekara takwas kafin asusun zuba jarin Saudiyya ya sayi Newcastle a Oktoban 2021. Abin da ke zukatan mutane a lokacin shi ne Portsmouth. Mu da muka ga Nwankwo Kanu ya ci ƙwallon da ta ba ta kofin FA a 2008 ba mu manta cewa bayan shekara biyu bashi ya ci ta ba, aka cire mata maki 9, ta faɗi daga gasar, ta yi ta gangarowa har rukuni na huɗu. Tsoron irin wannan faɗuwa gaskiya ne. Amma masu wannan zargi ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Doka da ta ɗaure kashe kuɗi da abin da ƙungiya ke samu tana kare wanda ya riga ya yi girma. Chelsea ta Roman Abramovich da City ta farkon zuwan masu kuɗin Abu Dhabi sun hau tun kafin a janye tsani. Newcastle da Villa sun iso sun tarar an janye. Ga shi kuma miliyan 105 ɗin ba ta motsa ba tun 2013, shekarar da ɗan wasa mafi tsada a duniya, Gareth Bale, ya tashi a kusan miliyan 85. Bayan shekara huɗu Neymar ya tashi a kusan 198. A gefe guda, Chelsea ta sayar wa wani kamfanin masu ita otal biyu a kan miliyan 76.5, ta rubuta riba, kuma dokar ta ƙyale. Ƙaramar ƙungiya ba ta da otal ɗin da za ta sayar wa kanta.

Maganar soke dokar ita ma rabin gaskiya ce. A Nuwambar 2025 ƙungiyoyin Firimiya sun kaɗa ƙuri'ar maye gurbin PSR da sabon tsari daga kakar 2026/27. A tsarin, abin da ake kashewa a kan tawaga, wato albashin 'yan wasa da na mai horarwa, da kason kuɗin saye na shekara, da ladan wakilai, kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na kuɗin shiga daga harkar ƙwallo haɗe da ribar sayar da 'yan wasa. Wadda ta ɗan zarce tara za ta biya, wadda ta yi nisa kuma ragin maki yana jiranta. Masu zuwa gasar Turai nasu ma'aunin ya fi tsauri, kashi 70 na UEFA, hukumar da ta ci Chelsea da Villa tara a Yulin 2025. An toshe ƙofar sayar wa kai otal, amma ribar sayar da 'yan wasa tana nan a cikin lissafi, kuma darajar yaron makaranta a littafi har yanzu sifili ce.