Rigar Iska ta Masu Nutso

Rigar iska, wadda shagunan kayan nutso suka fi sani da BCD, riga ce mai jakar iska a ciki da mai nutso da tulun iska yake sawa don ya daidaita nauyinsa a ruwa. Idan ya ƙara mata iska sai ya taso, idan ya rage sai ya yi ƙasa, idan kuma ya sami daidai sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ba bai taso ba. Ita ce kuma ke riƙe tulun a bayansa. Wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu suna kifa ciki a kan gora ya riga ya fahimci rabin zancen. Bambancin kawai shi ne iskar gora a rufe take, ta riga kuwa ana ƙara ta ana rage ta.

Asali

Tun 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska ta Aqua-Lung a Faransa, amma masu nutson farko ba su da riga. Darma suke ɗaurawa a ƙugu, sauran aikin kuma ƙafa da huhu su yi. A 1961 Maurice Fenzy ya fito da wata jakar iska da ake ratayawa a wuya, sannan a shekarun 1970 kamfanin Scubapro ya kawo mai siffar falmaran, wadda daga gare ta yawancin rigunan yau suka samo tsari.

Yadda take aiki

Duk zurfin mita 10 a teku yana ƙara nauyin matsi daidai da na iskar da ke sararin duniya. Saboda haka iskar da ke cikin riga a saman ruwa tana komawa rabin girmanta a mita 10, sulusi a mita 20. Kayan robar da mai nutso ke sawa don sanyi su ma suna matsewa, sai ya ji yana ƙara nauyi yayin da yake gangarawa. Nan ne yake danna maɓallin da ke bakin mesar kafaɗarsa ta hagu, iska ta shigo daga tulu kaɗan-kaɗan.

Haɗarin yana wajen dawowa. Iskar da aka zuba a ƙasa tana kumbura a hanyar hawa, kuma mafi yawan kumburin a mita goman ƙarshe yake faruwa, inda take ninkawa biyu. Wanda ya manta bai saki iska ba, rigar za ta fizge shi sama, abin da kan jawo ciwon kumfar iskar naitirojin a jini ko yagewar huhu. Shi ya sa malaman nutso ke nanata cewa ba da riga ake hawa ba, da ƙafa ake hawa, ana sakin iska, a tsaya minti uku a mita biyar kafin a fito.

Akwai kuma tulun kansa. Tulu mai lita 12 da aka cika zuwa "bar" 200 (ma'aunin matsin iska ke nan) yana ɗauke da iskar da nauyinta ya kusa kilo uku. Yayin da ake shaƙe ta, mutum yana ƙara sauƙi, musamman da tulun alminiyom, wanda idan ya kusa ƙarewa yakan nemi tasowa da kansa.

Ire-irenta

Mai falmaran ita ce ta haya a kusan kowace makarantar nutso. Iskarta tana zagaye baya da haƙarƙari, tana tsayar da mutum a miƙe a saman ruwa, kai a waje, abin da ke kwantar da hankalin sabon shiga. Aibinta, idan ta cika tana matse ƙirji.

Ta biyu, duk iskarta a baya take, kamar goyo. Ƙirji a sake yake, kuma a ƙarƙashin ruwa tana taimaka wa mutum ya kwanta a miƙe kamar kifi. A saman ruwa kuwa, idan aka cika ta fiye da kima takan tura fuska gaba, sai an koyi jingina baya.

Ta uku faranti ne na ƙarfe ko alminiyom da ɗamara da jakar iska daban, ana haɗa su yadda ake so. Masu shiga kogo da tarkacen jiragen ruwa sun fi son ta, kuma duk abin da ya lalace a cikinta shi kaɗai ake sauyawa.

Zaɓe a Bahar Maliya

Hausawan Jidda da Makka da ke son shiga wannan wasa suna iya fara koyo a Sharm Ubhur, arewa da Jidda, daga nan su wuce Yanbu ko tsibiran Farasan. A ɗaya gaɓar, kusa da Fot Sudan, akwai Sanganeb da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, da Sha'ab Rumi inda Cousteau ya kafa gidan ƙarƙashin ruwa a 1963, da jirgin Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a 1940. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya durƙusar da yawon nutso a can.

Tekun nan tana da ɗumi da gishiri. Gishirinta ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne. Mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 90, idan ya baro kududdufin koyon iyo ya shiga Bahar Maliya, zai buƙaci ƙarin darma kimanin kilo biyu da rabi. Tsakaninta da sauran tekuna kuwa bambancin bai kai kilo ɗaya ba, duk da yadda ake zuzuta shi a bakin jirgi. Daga wannan zuzutawa matsalar ke farawa: mutum ya lafta darma, ya ga yana nutsewa kamar dutse, sai ya nemi babbar riga ta ɗauke shi. Iska mai yawa a riga tana nufin kumburi mai yawa da kowane ɗan motsi, ka ga mutum yana sama yana ƙasa, takalmin iyonsa na karya murjanin da ya shekara aru-aru yana girma. Gwajin darma ba shi da wuya. A saman ruwa, riga babu iska, tulu saura "bar" 50, mutum ya riƙe numfashi na al'ada. Idan ruwa ya tsaya masa daidai ido, darmarsa ta yi. Mai nutso da tulu ɗaya da kayan roba masu kaurin milimita uku, rigar da ke ɗaga kilo 12 zuwa 14 ta ishe shi.

Abin da ya fi duk wannan shi ne rigar ta zauna a jiki. A gwada ta a kan kayan robar da za a shiga ruwa da su, ba a kan jallabiya ba. A ɗaure, a cika ta da iska, a ja numfashi mai tsawo a ji ko ta matse. Sannan wani ya kama kafaɗunta ya ɗaga. Idan ta hau har kunne, ta yi yawa, kuma haka za ta yi a ruwa. Akwai waɗanda aka yanka musamman don mata, masu gajeren baya. A lalubi igiyoyin sakin iska na kafaɗa da na ƙugu ido a rufe, domin a ruwa da hannu ake nemansu. Idan mai aljihun darma ce, a zare aljihun a mayar sau da yawa, a tabbatar yana fita da fizga ɗaya amma ba ya zamewa da kansa. Yawan zobba da zif da launi, waɗannan ado ne. Wanda bai wuce nutso biyar ko shida a shekara ba, haya ta fi masa.

Rigar iska ba rigar ceto ba ce. Ba a ƙera ta don ta juya fuskar wanda ya suma zuwa sama ba.

Kulawa

Gishiri da rana su ne ajalinta. Bayan kowane nutso a wanke ta da ruwan daɗi, a ɗura ruwa ta bakin mesa, a girgiza, a zubar, sannan a hura ta kaɗan a rataye a inuwa. Gishirin da ya bushe a cikin maɓalli yana iya sa ya maƙale a buɗe, riga ta yi ta cika ba ƙaƙƙautawa. Maganinsa nan take shi ne a cire mesar da ta taho daga tulu, a ja igiyar sakin iska. But ɗin mota a zafin Jidda na watan Agusta yana gasa roba har ta tsage, don haka ba wurin ajiya ba ne. Masu ƙera ta sukan ba da shawarar a kai ta wa ƙwararre ya duba sau ɗaya a shekara, kuma kafin a saye ta hannu, a cika ta a bar ta ta kwana a ga ko za ta sace.