Amshi, da laifin da ake ɗora wa 'yan amshin Shata

Kwana biyun nan, in ka kunna rediyo da daddare a Kano, lokacin da sojojin baka suke baje kolinsu, da wuya ka kashe ba ka ji an kira wani ɗan amshin Shata ba. Majalisa ta yarda a ciyo bashi, 'yan amshin Shata ne. Shugabannin ƙananan hukumomi 44 sun yi layi sun je gaisuwa, 'yan amshin Shata. Kwamishina ya yabi gwamnan da ya naɗa shi, shi ma an liƙa masa. Wanda aka jefa da wannan magana yau, gobe in mulki ya juya shi zai tsince ta ya jefi wani. Abin da suke nufi ba ya buƙatar sharhi: mutumin da ba shi da ta cewa, duk abin da maigida ya faɗa sai ya ce haka ne ranka ya daɗe. Wannan kowa ya sani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda zagin ya haɗiye kalmar ɗungurungum, har ta kai yaran da ke rubuta waƙa yanzu suna jin kunyar amshi.

Akwai wani zama da muke yi ranar Asabar bayan la'asar, a barandar wata makaranta da ke bayan titin Gidan Zoo. Masu sha'awar waƙa ne ke haɗuwa, kowa ya rera abin da ya rubuta a makon, a saurara, a yi masa gyara. Babu wanda waƙa ke ciyar da shi a cikinmu. Akwai tela, akwai ɗan adaidaita sahu, akwai ɗaliban jami'a biyu, akwai wata malamar Islamiyya da ke zuwa da ƙaninta, sai ni da furfura ta sa ake ba ni kujera. Sharaɗinmu ɗaya ne, kada ka kawo waƙar wani, kada ka hau karin wani. Irin wannan zama ba baƙo ba ne a garin nan. A shekarun 1970 ƙungiyar Hikima Kulob ta su marigayi Mudi Sipikin haka take tara marubuta waƙa masu sana'o'i iri-iri, har ana jin waƙoƙinsu a rediyo. To a zaman namu ne aka tambayi ɗaya daga cikin ɗaliban nan ina amshin waƙarsa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Baba, ni ba na amshi. Saƙo nake isarwa, ba na buƙatar 'yan amshin Shata a bayana." Aka yi dariya. Ni dai tun ranar maganar take yi mini yawo a ka.

Amshi daga amsa ya fito, kamar yadda rashi ya fito daga rasa, gashi daga gasa, fashi daga fasa. Hausa in s ta ci karo da wasalin i sau da yawa sai ta koma sh, shi ke nan. Sai dai ita amsa fuska biyu gare ta. Mu a Kano in an ce amsa, hankalinmu kan tafi ga tambaya, ko kira, ko sallama. Je ka Katsina ko Gusau ko Sakkwato, mutum zai miƙo maka goro ya ce "amshi". Ba tambayarka ya yi ba, cewa ya yi karɓi. Shi ya sa a can yamma za ka ji ana ce wa masu amshi 'yan karɓi. Wannan fuska ta biyu ita ce ta waƙa. Jagora yana ɗauke da kaya, ya iso gaɓa, ya miƙa, waɗanda ke bayansa su karɓa su riƙe masa har ya numfasa ya dawo. 'Yan mata a dandali sun fi kowa fayyace abin, domin a waƙar gaɗa akwai mai bayarwa, akwai masu amshi. Bayarwa da karɓa, ba tambaya da eh ba. Wanda ya taɓa ganin magini a kan katanga, yaro na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, ya san mai cafewa ba ɗan kallo ba ne. In ya yi sakaci sau ɗaya, tubalin a kan wani zai sauka.

Wasu a zaman namu kan haɗa amshi da amsa-amo. Ba ɗaya ba ne. Amsa-amo shi ne ƙafiya, sautin da ɗangwaye, wato layukan waƙa, ke ƙarewa da shi, ka kama wa ko ba ko ya ka riƙe har ƙarshen waƙa. A bar wannan nan.

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suna kiran layin nan da ake maimaitawa gindin waƙa, sauran abin da jagora ke zubawa kuma su kira shi ɗiya, wato 'ya'yan waƙa. Ku dubi sunan da kyau. Ba a ce wutsiya ba, ba a ce ado ba, gindi aka ce, kamar na bishiya. A cikinsa ake sa sunan wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta. Mafi yawan waƙoƙin makaɗanmu ba su da wani suna da ya wuce gindinsu. In ka je wurin mai tura waƙoƙi a waya kana neman wata tsohuwar waƙa, ai amshin za ka rera masa, ba baiti na bakwai ba.

To me ya sa aka ce na Shata, ba a ce na wani ba? Akwai dalili, kuma ban ce wanda ya fara karin maganar bai da kunne ba. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a nan Kano a 1999 aka kai shi Daura aka binne, salonsa a sarari yake. Amshinsa gajere ne, layi ɗaya, kuma yaransa ba sa canza shi daga farkon waƙa har ƙarshe. Ya yabi mutum su maimaita, ya yi zambo su maimaita, ya saki zancen ya shiga labarin wata tafiya su maimaita. Daga nesa sai ka ce mutanen nan ba sa ma jin abin da yake faɗa. Daga nan zagin ya samo ƙafa.

Amma matso kusa. Shata nan take yake ƙirƙirar waƙa, a tsaye a gaban jama'a, shi ya sa da wuya ka ji waƙarsa ɗaya ta zo iri ɗaya sau biyu. Mutumin da ke gini yana tafe, dole a samu abin da ba ya motsi a ƙarƙashinsa. Ɗan lokacin nan da yaransa ke maimaita layin, a cikinsa yake shirya abin da zai faɗa gaba. Su kuwa ba takarda a gabansu, ba su san tsawon ɗan da zai zuba ba, wani layi biyu, wani layi goma. Sai sun kasa kunne sun ji inda muryarsa ta sauka, su shigo daidai, ba gaba ba baya, alhali kalangu na rataye a kafaɗarsu suna kaɗawa suna matsa tsarkiya. Kai da kake kiran ɗan majalisa mai gyangyaɗi ɗan amshin Shata, ka gwada wannan aikin na minti biyar. Ɗan amshin da ya yi barci, a ranar zai bar ƙungiya. Shi kansa Shatan, af, ya taɓa zama kansila a Kankiya, kuma duk wanda ya san halinsa ya san ba mutumin haka ne ranka ya daɗe ba ne.

Wannan ma a gidan Shata ke nan. In ka shiga fada, wurin masu kotso da taushi, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, maganar ta wuce maimaici. A can jagora kan fara layi ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su ƙarasa. Wani lokaci su yi ƙari, su zuba layuka da yawa da shi bai furta ba, sannan su sauka a kan gindi. Wani lokaci a yi karɓeɓeniya, wannan ya ɗauka ya ba wancan. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna tare an tsara waƙar an haddace ta, kowa ya san rabonsa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa da yayansa ya fara, yana amshi, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Amshi ne makarantar. Wanda kuma ya zaɓi tafiya shi kaɗai, irin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, bai jefar da gindi ba, shi yake komawa kansa da bakinsa.

Abin da ya fi ba ni hujja kuwa a barandar nan tamu ya faru. Telan namu ya zo da waƙa a kan daren jajibirin Sallah: ɗinki ya taru, an ɗauke wuta, man janareta ya yi tsada, masu kaya sun yi cirko-cirko a ƙofar shago, wata uwa ta zo da yara uku ta ce ba za ta tafi ba sai da rigunansu. Amshin da ya ba mu shi ne, "Dare ya raba, zare ya ƙare." Muka karɓa da tafi, ɗan adaidaita na bugun benci. Baiti na farko ya zauna, na biyu ya zauna, na uku da ya kawo yaron shago da ya yi barci a kan tulin yadi har malamar nan ta ce madalla. Sai a na huɗu tela ya karkata. Ya shiga zancen wata yarinya da ta ƙi shi ta auri mai kuɗi, ya yi mata habaici har layi shida, ya kai gaɓa, ya ɗaga hannu yana jiran mu shigo.

Ba wanda ya shigo. Ba shawara muka yi ba, bakin ne kawai ya ƙi. Ina ruwan zare da yarinyar da ta auri mai kuɗi? Ɗan adaidaita ya ɗage hannu daga benci ya ce, "Maigida, wannan fa ba mu karɓa ba." Tela ya ce ai waƙarsa ce. Malamar ta ce, "Taka ce, Malam, amma kai ka ba mu dare da zare ka ce mu riƙe maka. Ka dawo inda ka bar mu, ko ka yi wa yarinyar tata waƙar daban." Aka ɗan yi musu. Ɗalibin nan mai ƙin amshi ya goyi bayan tela, ya ce ga irin takurar da yake gudu. Gaskiyarsa ta wani gefen, amshi takura ne. Irin takurar da linzami ke yi wa doki ce. Marubuci mai tasowa ba abin da ya fi damunsa kamar yawo, ya fara da tsadar rayuwa ya ƙare da tsohuwar budurwa, kuma babu mai tsayar da shi in shi kaɗai ne da biro da takarda. Amshi kuwa duk bayan baiti sai ya dawo ya tambaye shi, har yanzu a kan maganarmu kake? Waƙar shi ɗalibin mai baiti ashirin, ranar da ya rera ta mun yaba, amma da aka tashi ba wanda ya tafi gida da layi ɗaya a bakinsa. Saƙon ya iso, ya koma tare da mai shi. Mutanen jam'iyyar NEPU, da aka kafa a garin nan a 1950, sun san wannan sarai. Talakan da bai iya karatu ba, da amshi yake ɗaukar manufar jam'iyya ya kai ta ƙauye.

Saboda haka in ana neman sunan da za a ba majalisar da ba ta tambaya, ni a ganina an yi kuskuren gida. Majalisar da za ta yi aikin 'yan amshi na gaskiya, mai kasa kunne, mai sanin inda aka dosa, mai iya yin shiru in jagora ya kauce, ai da mun gode Allah. Abin da masu zagin ke nufi yana nan, amma ba a bayan Shata yake ba. Yana cikin sitidiyo, a nan titin Gidan Zoo da sauran wurare. Yanzu in ka kai waƙa, mai haɗa kiɗa zai buga maka fiyano, a kira mai zazzaƙar murya ta rera amshin sau ɗaya, a gyara shi a kwamfuta, sannan a yi ta liƙa shi bayan kowane baiti. Ita mai amshin sau da yawa ta tafi gida kafin ka shiga ka rera baitocinka, ba ta ma ji su ba. Ka yabi mutum, amshi ya shigo. Ka zage shi, amshi ya shigo, da murya ɗaya, da numfashi ɗaya. Ban ce a daina ba, sauƙi ne kuma arha ne, yaron da ke tara kuɗin sitidiyo daga ɗinki ba zai iya ɗaukar mutum biyar ba. Amma in dai sunan zagi ake so, ga amshin kwamfuta nan, a sakar wa bayin Allah masu kalangu mara.

Bayan mako uku tela ya zo da waƙar a wayarsa, an buga ta, kiɗa ya yi daɗi. Muka kewaye wayar. Baiti na farko, na biyu, na uku, sai ga yarinyar nan mai auren mai kuɗi ta dawo da layukanta shida cif, ko ɗaya bai cire ba. Tana ƙarewa wata murya mai daɗi ta shigo a kan lokaci, dare ya raba, zare ya ƙare.

Ɗan adaidaita ya dube shi. "Maigida, ba wannan ne muka ce ba mu karɓa ba?"

Tela ya mayar da wayar aljihu. "Can an karɓa," in ji shi.