Ƙofar gareji mai ɗagawa sama da injin buɗe ta

Ƙofar gareji mai ɗagawa sama ita ce irin wadda ake haɗa ta da faifai-faifai na ƙarfe ko katako ko alminiyam, an liƙa su da hinji, tana gudu a kan ƙananan tayoyi cikin titin ƙarfe har ta kwanta a ƙarƙashin rufin gareji. Mutane da yawa suna ɗauka injin lantarkin da ke rataye a sama shi ke ɗaga ta, alhali sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ko murɗuwa ya koma yadda yake, shi ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin, injin dai ja kawai yake yi yana shiryar da ita.

Tarihi

Kafin wannan salon, garejin mota ƙofofi biyu gare shi masu buɗewa waje kamar na ɗakin dawakai, kuma a ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara kan toshe su. Ana danganta ƙirƙiro ƙofar mai ɗagawa sama ga wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson wajen shekarar 1921, shi ne ya kafa kamfanin Overhead Door, sannan a 1926 ya fito da injin buɗewa na lantarki a Hartford City da ke jihar Indiyana. Injin bai yi wani farin jini ba sai bayan yaƙin duniya na biyu da mota ta yawaita a gidaje. Rimot ɗin farko-farko lamba ɗaya tak yake aikawa kullum, ana saita ta da ƴan makunnai ƙanana a ciki, to ka ga idan maƙwabci ya dace da lambarka sai ya buɗe maka gareji, ɓarayi ma sun gano hakan. A cikin shekarun 1990 aka koma tsarin lambar da ke canzawa duk danna ɗaya.

Babban sauyi shi ne na tsaro. Bayan rahotannin yara da ƙofa ta danne har suka mutu, dokar Amurka ta tilasta cewa duk injin da aka ƙera daga 1 ga Janairun 1993 sai ya zo da ƙarin kariya, wanda galibi idanun lantarki ne guda biyu a gefe da gefen ƙofa masu hana ta sauka idan wani abu ya gitta tsakaninsu, ana ɗaura su ƙasa-ƙasa bai wuce inci 6 daga ƙasa ba. Jihar Kalifoniya kuma ta ƙara nata a 2019, wai dole sabon inji ya zo da batirin ko-ta-kwana, dalili kuwa gobarar dajin 2017 inda wuta ta ɗauke wasu suka kasa buɗe garejinsu su fita.

Ire-ire

A cikin injinan akwai mai ja da sarƙa, shi ya fi araha amma fa ga ƙara, akwai mai bel ɗin roba da ya fi shiru, akwai mai dogon sukuru, sai wanda ake kafewa a jikin bango gefen ƙofa.

Sifirin

Iri biyu ne. Na murɗawa yana kan sandar ƙarfe a saman ƙofa, na miƙewa kuma yana gefe-gefe a kan titin. Sifirin na yau da kullum ana ƙera shi ya ɗauki buɗewa da rufewa kusan sau 10,000, wato shekaru kaɗan ne ga gidan da ake yawan shige da fice. Idan ya tsinke ƙara yake yi kamar harbin bindiga, daga nan ƙofa ta yi nauyi, injin ya yi ta gurnani yana ɗaga ta ɗan kaɗan ya tsaya. Wannan kam ba aikin gwada sa'a ba ne, sifirin na murɗawa da igiyoyin ƙarfen da ke ɗaure a ƙasan ƙofa suna riƙe da ƙarfin da zai iya karya hannu, masu gyara suna da sandunan murɗawa na musamman don shi.

Kulawa da gano matsala

Gwajin farko shi ne na daidaito, a rufe ƙofa tukuna sannan a ja jar igiyar nan da ke raba ta da inji, a ɗaga ta da hannu zuwa tsakiya a saki, in ta tsaya cak lafiya lau, in ta faɗo ko ta yi sama da gudu to sifirin ne ke buƙatar saiti. Na biyu a kwantar da katako mai kaurin kusan santimita 4 a ƙasa inda ƙofa ke sauka, a rufe ta da inji, ƙofa na taɓa shi ya kamata ta koma sama, masu ƙera inji suna cewa a yi wannan duk wata.

Ƙofar da ke fara sauka sai ta koma, fitilar inji na ƙyaftawa, kusan kullum idanun nan ne, ko sun goce daga saitin juna ko ƙura da saƙar gizo ta rufe su, wani lokacin ma hasken rana ne ke dukan ɗaya kai tsaye. Idan makunnin bango na aiki rimot ya ƙi, a fara da batir. Wasu ƙwayayen fitilar LED masu araha suna katse siginar rimot har sai mutum ya zo dab da ƙofa. In kuwa inji na juyawa sarƙa ba ta motsi, giyar roba ta ciki ce ta cinye, ana samun ta daban a canza.

Hinji da tayoyin ƙarfe da sifirin ana sa musu man silikon ko farin giris sau ɗaya ko biyu a shekara. Titin kam gogewa kawai ake yi, giris a ciki tara datti yake. A ƙofa mai sifirin biyu, masu gyara sun saɓa a kan ko a canza biyun tare idan ɗaya ya tsinke, mafi yawa dai suna cewa a canza duka tunda shekarunsu ɗaya.