Karɓar masu buƙata ta musamman a gidajen abinci

Karɓar masu buƙata ta musamman a gidajen abinci na nufin tsara gini da kayan zama da kuma hidimar ma'aikata ta yadda mai nakasa zai shiga, ya zauna, ya zaɓi abin da ransa yake so, ya ci, ya biya, ba tare da an ɗauke shi cak ko an yi magana a madadinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tsanani.

A ƙasashe da dama wannan wajibi ne a doka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu a 2006, ta kuma fara aiki a 2008. Tun kafin nan Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin nakasassu ta ADA a 1990, wadda ta haɗa da gidajen abinci, yayin da Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗora wa masu kasuwanci nauyin yin gyare-gyaren da suka dace.

Ƙa'idojin Amurka sun fayyace ma'auni dalla-dalla. Faɗin ƙofa ba zai gaza inci 32 ba, gangaren da ke maye gurbin matakala yana buƙatar tsawon inci 12 ga kowane inci ɗaya na tudu, tsayin teburi kuma ya kasance tsakanin inci 28 da 34 domin gwiwoyin mai keken guragu su shige ƙarƙashinsa. Aƙalla kashi 5 cikin ɗari na wuraren cin abinci ne ake so su cika wannan sharaɗi. Sai dai sau da yawa akan gina gangare mai kyau, sannan a cushe hanya da kujeru ko a mayar da banɗakin nakasassu ɗakin ajiya.

Abin da ya fi gini wuyar gyarawa shi ne halin ma'aikata. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne ma'aikaci ya dubi ɗan rakiya ya ce, "Me zai ci?", alhali mai cin abincin yana zaune yana ji. Ladabin aikin shi ne a yi wa mutum magana kai tsaye, a tambaye shi kafin a taimaka masa, kada kuma a taɓa kekensa ko sandarsa sai da izininsa. Ga makaho, ana karanta masa jerin abinci da farashi, domin ba kowane makaho ne ya iya rubutun Braille na makafi ba, sannan a kwatanta masa faranti da fuskar agogo: nama a ƙarfe shida, ganye a ƙarfe goma sha biyu. Kurma kuwa yana buƙatar haske a fuskar mai magana, da takarda da biro, da teburi nesa da hayaniya idan yana amfani da na'urar ji.

Dokar Amurka ta yarda karen jagora ya shiga ɗakin cin abinci ko da an hana sauran dabbobi, kuma tambayoyi biyu kaɗai ma'aikaci zai iya yi: shin ana buƙatar karen ne saboda nakasa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi.