Gasar zamiyar mota a Long Beach: me ɗan kallo zai tarar, kuma ina zai sa ido?

Duk mai yawan duba waya ya taɓa cin karo da bidiyon: motoci biyu suna tafe a karkace, ƙofa na neman taɓa ƙofa, hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin kwalta. Wannan wasa shi ake kira dirif, mu dai a nan mu ce zamiya. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa, kuma mun ɗauki gasar Formula Drift da ake yi a birnin Long Beach na jihar Kalifoniya a Amurka don misali.

Wai tsere ne? Wanda ya riga isa shi ya ci?

A'a, kuma nan ne sabon ɗan kallo yake fara ɓata. Babu wanda ke riƙe da agogo. Mota tana iya ƙetare layin ƙarshe a gaba, amma a ce ta baya ce ta ci. Abin ya fi kama da jafi a hawan salla: ba a tambayar dokin wa ya fi gudu, ana duban wanda ya sako sukuwa ya ja linzami daidai inda ya kamata, bai zarce ba, bai kuma tsorata ya tsaya da wuri ba. Direba yana sa tayoyin baya su rabu da riƙon kwalta da gangan, gindin mota ya fita gefe, ya riƙe ta a haka tun daga kwanar farko har ta ƙarshe. In motar ta miƙe a tsakiya, ko ta juya ta dubi inda ta fito, wannan zagayen ya lalace.

Su wa suka ƙirƙiro shi?

Japanawa. Ana danganta salon da Kunimitsu Takahashi, direban tsere da a shekarun 1970 yake shiga kwana da zamiya. Samari suka ɗauka suka kai shi hanyoyin kan duwatsu da dare. A cikinsu aka sami Keiichi Tsuchiya, wanda ake wa laƙabi da sarkin zamiya, wanda wani kaset ɗin bidiyo na 1987 ya nuna shi yana gangaro dutse da ƙaramar Toyota AE86. Shi da Daijiro Inada, mai mujallar motoci, suka kafa gasar D1 Grand Prix a Japan. A 2003 gasar ta kai ziyara filin Irwindale kusa da Los Anjelis, jama'a suka yi dafifi, kuma a 2004 Formula Drift ta Jim Liaw da Ryan Sage ta yi kakarta ta farko. An rufe filin Irwindale ɗin a ƙarshen 2024.

Me ya bambanta Long Beach da sauran filaye?

Titi ne na cikin gari, ba filin tsere na dindindin ba. A watan Afrilu ake killace titunan bakin teku da katangun kankare don babban tseren birnin, sai masu zamiya su ari lanƙwasa uku daga cikin hanyar tseren, wato kwana ta 9 da ta 10 da ta 11. Ta ƙarshen matsattsiya ce kamar ƙugiya. Babu ciyawa ko yashi a gefe da za su karɓi wanda ya yi kuskure, daga kwalta sai bango. Kuma alƙalai so suke gindin mota ya bi bangon nan dab da dab, shi ya sa kafin yamma za ka ga kankaren ya sha fenti kala-kala, ga ɓaraguzan fitilun baya a ƙasa. Da gasar Long Beach ɗin nan aka saba buɗe kakar wasa, don haka a nan ake fara ganin sababbin motoci, wasu ma ba su gama sabawa da direbobinsu ba.

To in na zauna, ina zan kalla? Ni hayaƙi kawai nake gani.

Hayaƙin nan shi ne mayaudarin. Yana da daɗin kallo, amma ba ya cikin abin da ake ba wa maki. Direbobi 32 ake haɗawa bibbiyu, wanda ya faɗi ya tafi gida. Kowace karawa zagaye biyu ce: a na farko ɗaya yana gaba ɗaya yana bi, a na biyu su yi musaya. Aikin na gaba shi ne ya bi layin da alƙalai suka shata, ya cika wuraren da aka yi wa alama a jikin bango da cikin kwana, da karkata mai yawa, ba tare da gyare-gyaren sitiyari ba. Aikin na baya ya fi wuya: ya kwaikwayi duk abin da na gaba ya yi, ya manne masa, alhali yana cikin hayaƙin da ba ya ganin komai sai wani ɓangare na ƙofa.

Saboda haka motar baya za ka zuba wa ido. Dubi tayoyinta na gaba. In suna tsaye cak a juye, direban ya natsu. In suna rawa hagu da dama, faɗa yake da motar. Sannan ka jira lokacin sauya hannu, inda motocin ke juya gindi daga wannan gefe zuwa wancan. Dole na baya ya ɗan ja da baya ya bar wa bambar na gaba hanya ta wuce ta gaban hancinsa, sannan ya sake faɗawa gefensa. Gwani yakan bar tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba. Wanda ya yi jinkiri sai a bar shi a baya, wanda ya yi gaggawa sai ka ji ƙarar ƙarfe. Kunne ma yana da aiki: ƙarar injin da ba ta yankewa tana nufin ƙafa na kan totur, mai tsinkewa kuwa shakka ce ta shiga.

Wa ke yanke hukunci, kuma ana yarda da shi?

Alƙalai uku ne, kowa ya nuna wanda ya zaɓa bayan an sake duba hoton. In sun ga abin ya yi kunnen doki sai su ce a sake, kuma 'yan kallo sukan riga su da ihun "One More Time", suna ɗaga yatsa ɗaya sama. Yarda kuwa, ba kullum ba. In aka yi karo sai an tantance mai laifi, domin na gaba yana iya rage gudu inda bai kamata ba ya jawo na baya ya buge shi. A ganina wannan gardama tana cikin daɗin wasan, kamar yadda ba a tashi daga filin dambe ba tare da musu ba. Amma gaskiya wani lokaci jiran hukuncin yana tsawo har rana ta gasa mutum.

Motocin irin waɗanda muke gani a titi ne?

Jiki kawai. Dole mota ta zama mai ja da tayoyin baya. An fitar da kujeru da duk wani kayan alatu, an walda bututun ƙarfe kewaye da direba. Injinan sukan kai ƙarfin doki 1,000, wasu su wuce. Za ka yawaita jin sunan 2JZ, injin Toyota mai silinda shida, da manyan injinan V8 na Amurka masu silinda takwas. An sake ƙera ƙafar gaba yadda taya ke juyawa fiye da digiri 60, ga wani dogon hambirki kusa da sitiyari mai kulle tayoyin baya nan take. Tayoyin baya kuwa zagaye biyun nan ne rayuwarsu. James Deane ɗan Ayalan ya ci kambin Formula Drift na 2017 da 2018 da 2019 da Nissan Silvia S15, ya sake ci a 2024 da Ford Mustang. Fredric Aasbø ɗan Nowe ya ci a 2015 da 2021 da 2022.

Baje kolin motocin da ake yi a wurin gasar fa, ya cancanci a bar kujera dominsa?

Tsakanin zagaye, e. Ana jera motocin mutane da suka kashe wa kuɗi, bonet a buɗe, injin yana ƙyalli, ga rumfunan masu sayar da tayoyi da riguna. Amma in lokaci ya ƙure, ka wuce su ka nufi rumfunan makanikai, don a buɗe suke ga 'yan kallo. Direba yana da damar neman minti biyar na gyara idan mota ta samu matsala. Ka ga mutum shida sun rufar wa mota, ɗaya a kwance a ƙasa yana kwance ƙafar da ta lanƙwashe, wani yana ɗaure bamba da igiyar roba da salatif, jami'i na tsaye a kansu da agogo. In mintin ya cika mota ba ta sauka daga jak ba, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a garejin unguwa zai gane wannan kallon.

Me zan tanada?

Abin toshe kunne, musamman ga yara, da tabarau da hula. Kada ka sa farar shadda. Garin taya yana sauka a kan kujerun gaba kamar baƙin yayyafi, ya shiga gashi da kofin abin sha, ƙaurin roba kuma ya bi ka har masauki. Mai asma ya zauna can sama, ya sa takunkumi.

Ba shi ne wasan motar da samari ke yi a biki ba?

Dabarar juya mota ɗaya ce, sauran duk daban. A gasar akwai kankare da shingen waya tsakanin mota da mutane, direba na da hular kwano da rigar da ba ta kama wuta, motar asibiti na tsaye. A wasan biki jama'a ne shingen.

Wanda ba zai iya zuwa ba fa?

Ana nuna gasar kai tsaye kyauta a YouTube. A watan Afrilu agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Kalifoniya da awa 8, don haka karawar da aka fara da ƙarfe ɗaya na rana a can, ƙarfe tara na dare za ta same ka a Kano ko Maraɗi.