Me ake nufi da "'yancin jihohi"?

Tun da aka taso da zancen 'yan sandan jihohi, da wuya ka kunna rediyo ba ka ji mai sharhi ya ambaci "'yancin jihohi" ba. Ma'anar ba ta da wahala: ikon da tsarin mulki ya bar wa jiha, wanda gwamnatin tarayya ba ta da hurumin taɓawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne misalin da wasu ke jawowa, wai jihohin kudancin ƙasar Amurka sun yi yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ne don kare wannan 'yanci. Ina!

A duba dokar kamo bayin da suka tsere ta 1850. Masu bayi na Kudu ne suka matsa aka yi ta, kuma ƙarfin tarayya suka nema, a cusa shi cikin jihohin Arewa da suka riga suka haramta bauta. In aka kama baƙar fata a Boston aka ce bawan wane ne, kotun jiha ba ta da ta cewa, kwamishinan tarayya ne mai yankewa. Wanda aka kama ba shi da bakin ba da shaida a kan kansa. Kwamishinan kuwa, in ya miƙa shi ga mai da'awa ladansa dala 10, in ya sallame shi dala 5. Hujjarsu wai rubuce-rubucen miƙawa sun fi yawa. Alƙalin da aka yi wa irin wannan tayi, ai sai dai tsoron Allah. Duk wanda ya ɓoye gudajje, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6 na jiransa.

A 1854 aka cafke Anthony Burns, wani bawa da ya tsere daga jihar Virginia, a Boston. Gari ya tashi, amma shugaba Franklin Pierce ya sa sojoji suka ratsa da shi tsakiyar dubban mutane har bakin jirgin ruwa, aka mayar da shi Virginia.

To su wa suka fake da 'yancin jihohi a lokacin? 'Yan Arewa. Kotun ƙolin Wisconsin ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, sai da kotun ƙolin tarayya ta rushe hukuncin a 1859. Massachusetts ta hana a tsare gudajje a kurkukunta. Ni dai a ganina kalmar nan sanda ce, wanda tarayya ba ta hannunsa shi ke rarumarta.

Da South Carolina, ɗaya daga jihohin Kudu, ta ɓalle daga tarayya a Disambar 1860, takardar dalilanta ta jero sunayen jihohin Arewa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙorafin sun yi dokokin kansu, sun ƙi mayar mata da bayinta.